Yadda Ake Gano Cutar Tsohuwar Rediyo Mai Bawul, Daga Filogi Har Eriya

Tambayar kusan iri ɗaya ce take zuwa mini. Mutum ya shiga ɗakin shirgi na gidansu ya tarar da Grundig ko Philips ko Pye mai akwatin katako, wadda mahaifinsa ke kama sashen Hausa na BBC da ita bayan sallar asuba, sai ransa ya biya ya sake jin muryarta a gidan. Daga nan sai saƙo: "Na jona ta, ta yi gurnani, sai hayaƙi. Yanzu yaya zan yi?" Abin da ke damuna shi ne, yawancin waɗannan rediyoyi da sauran ransu kafin a jona su. Jonawar ce ke ƙarasa su.

Shi ya sa na zauna na jera matakan yadda nake bin su. Ana farawa daga wuta, a koma sifika, sannan a bi sauti da baya da baya har eriya. Kuma tun yanzu ka cire wa ranka cewa bawul ne ya mutu. Waɗannan kwalaben gilashi da kowa ke zargi sukan fi sauran kayan cikin akwatin tsawon rai; masu laifin galibi kafasitoci ne, wato ƙananan kayan da ke riƙe wuta, da datti. Zan yi misali da rediyon Turai ta tsakanin 1955 da 1965, mai bawul masu lamba ECH81, EF89, EABC80, EL84 da EZ80, da ƙarin ECC85 idan tana da FM, don ita aka fi kawo mini. Inda wata ta saɓa zan faɗa.

Kayan aiki da abin da za su ci maka

Kana buƙatar mita ta dijital mai auna bolt 600 na DC ko sama, wadda robar wayoyinta ba ta tsage ba, da ƙarfen narka dalma mai wat 40 zuwa 60, domin ɗan siririn da ake gyaran wayar hannu da shi ba ya iya tsohuwar dalmar jikin shasi, wato farantin ƙarfen da kayan cikin rediyon ke zaune a kai. Sai wayoyi masu bakin kada, da buroshin fenti mai laushi, da feshin wanke kontak, da sukundireba mai mariƙin roba. Ka nemi rezista mai kilo-om 22 da wat 5, da ƙwan lantarki irin na da, mai siririyar waya a ciki wanda ke zafi, ɗaya wat 60 ɗaya wat 100.

Farashi na bin dala, amma ma'aunin ba ya canzawa. Kafasitoci 15 zuwa 20 da rediyo ɗaya za ta ci, kuɗinsu bai kai na bawul guda da aka yo odarsa daga waje ba idan ka haɗa da kuɗin kawowa. Abin da ya fi komai tsada shi ne taransifoma, domin in ta ƙone sai dai mai naɗin koyil ya sake naɗa ta, kuma ba kowa ya iya irin wannan naɗin ba. Duk wahalar matakan farko ta kare taransifoma ce. Ƙananan kayan ana samunsu a wajen masu kayan gyaran lantarki a Sabon Gari ta Kano ko Alaba ta Legas.

Kafin ka taɓa komai, nemi zanen wayoyin rediyon. Wasu kamfanonin sun manna shi a cikin murfin baya. In babu, sa lambar samfurin a intanet, shafin Radiomuseum yana da na dubban rediyoyi.

1. Ido da hanci tukuna

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Cire murfin baya, ɗauki hoto ta kowace kusurwa, sannan ka zare maɓallan gaba ka fito da shasin. Ɗauki hoton ƙasansa, da na zaren da ke jan allurar tashoshi. Ranar da zaren nan ya tsinke za ka san darajar hoton.

Shinshina babbar taransifoma. Warin ƙuna, ko baƙin kwalta da ya tsiyayo daga jikinta, alama ce mara kyau. Duba ɓarnar ɓera a wayoyi da takardar sifika, da kashin kyankyaso a soket. A ƙasarmu akwai ƙarin maƙiyi: zanzaro na son gina ɗakinsa na laka tsakanin farantan kafasitar neman tasha. Jiƙa lakar da ɗan ruwa ka cire a hankali, kada ka ɓanɓare da ƙarfe. Duk sanda za ka juya shasi, murɗa farantan su shige cikin juna gaba ɗaya don kada su lanƙwashe.

Zare bawul ɗaya-ɗaya, kana rubuta mazaunin kowanne. Kada ka goge gilashinsu da jiƙaƙƙen tsumma, lambar za ta tafi. A saman kowane bawul akwai tabo mai ƙyalli kamar madubi ko baƙi-baƙi. Haka ya kamata. In tabon ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, wannan ya mutu.

Gargaɗi: gilashin da aka rubuta sunayen birane da mitoci a kai, kada ruwa ya taɓa bayansa. Rubutun a baya yake, kuma shafa ɗaya ke ɗauke shi har abada. Haka nan in ka ga wani farin abu mai kama da kwali mai zare-zare kusa da babbar rezista, yana iya zama asbesto. Kada ka kankare shi, kada ka hura masa iska. Ƙurar hunturu ta shekaru da ke cikin akwatin ma a waje ake share ta da buroshi, da takunkumi a fuska.

2. Shin shasin na ɗauke da wuta?

Wannan matakin na rai ne. Rediyoyin nan iri biyu ne. Akwai mai babbar taransifoma da ke raba wutar NEPA da shasi. Bawul ɗinta kan fara da harafin E, kuma hitarsu, wato siririyar wayar da ke ɗumama su daga ciki, na cin bolt 6.3. Akwai kuma mara taransifoma, wadda waya ɗaya ta filogi ke tafiya kai tsaye jikin shasi. Ita za ka gane ta da bawul masu farawa da U, kamar UCH42, UF41, UBC41, UL41 da UY41 na cikin Bush DAC90A, ko jerin Amurka irin 12BE6, 12BA6, 12AV6, 50C5 da 35W4.

Kada ka dogara da gani kawai, don akwai masu taransifomar da ba ta raba komai. Ba tare da ka jona ba, kunna makunnin rediyon, sa mita a om, auna tsakanin kowane haƙorin filogi da shasi. Dole mita ta nuna babu hanya. In ta nuna ƙaramin adadi, shasin nan zai iya ɗaukar cikakkiyar wutar gida gwargwadon yadda aka juya filogi.

Gargaɗi: irin wannan ba a yi mata aiki da wuta sai ta bayan taransifomar rabuwa, mai naɗi biyu da ba su haɗu da juna ba. Yawancin na'urorin rage wuta daga 220 zuwa 110 da ake sayarwa a kasuwa naɗi ɗaya gare su, suna rage wuta amma ba sa kare ka. In ba ka taɓa aiki da babbar wuta ba, kada mara taransifoma ta zama ta koyonka.

Sannan duba ɗan faifan zaɓen wuta da ke baya, mai lambobi irin 110, 127, 220, 240. Wutar Najeriya 230 ce a ƙa'ida, ta Nijar 220. Ni a kan 240 nake ajiyewa in akwai shi, bawul sun fi samun sauƙi. Rediyon Amurka kuwa ta 110 zuwa 120 ce. Ka jona ta a bangonmu kai tsaye, nan take ta tafi.

3. Awo ba tare da wuta ba

Canza wayar filogi in robarta ta bushe, ka duba fis. Da makunni a kunne, tsakanin haƙoran filogi biyu ya kamata ka ga 'yan gomomin om, wato naɗin farko na taransifoma. In babu hanya, kafin ka yanke ƙauna duba makunnin da faifan zaɓen wuta; sau da yawa datti ne kawai.

Koma ƙaramar taransifomar da ke ciyar da sifika. Naɗinta na ɓangaren EL84, bawul ɗin da ke ba sifika ƙarfi, zai ba ka 'yan ɗaruruwan om. Ita sifikar, cire mata waya ɗaya ka taɓa mata batir mai bolt 1.5; in ta ce ƙwas, tana da rai.

Hitar bawul mai ƙafa 9 tana tsakanin ƙafa ta 4 da ta 5. Na jerin U masu ƙafa 8 irin UL41, tsakanin ta 1 da ta 8. Ana ƙirga ƙafafu ne ta ƙasa, daga giɓin (a masu ƙafa 8 da ba su da giɓi, daga ɗan ƙullin da ke gefen gindinsu), a bi yadda agogo ke juyawa. Hita mai lafiya na nuna ƙaramin om.

Rezistoci kuma, na da ɗin nan na gawayi hawa suke yi da tsufa, musamman masu manyan lambobi. Wadda ta wuce lambarta da fiye da kashi 20 cikin 100, canza ta. In awo ya nuna ƙasa da lambar, wata hanya ce a gefe ke ruɗa mita. Ɗaga mata ƙafa ɗaya ka sake aunawa.

4. Kafasitocin da ba a jiran su nuna hali

A nan aikin yake, kuma a nan na fi so ka tsaya.

Kafasitocin takarda, masu jikin kakin zuma mai danƙo ko baƙin kwalta ko ruwan ƙasa mai tsattsagewa, sun sha damina sittin. Takardar ta tsotsi laima, yanzu wutar DC na yoyo ta cikinsu. Mitarka ba za ta nuna maka wannan ba, domin da 'yan bolt kaɗan take gwaji, yoyon kuwa sai wuta ta kai ɗaruruwa yake bayyana. Kafasita na iya nuna lambarta daidai a mita alhali ta lalace.

Huɗu ne ba na kunna rediyo sai na canza su.

Ta farko, wadda ke kai sauti daga anod (mafitar sigina) na EABC80 zuwa girid (mashigar sigina) na EL84, wato ƙafa ta 2 (galibi ta bayan wata 'yar rezista). Takan kasance 0.01 zuwa 0.022 µF. Aikinta ta bar sauti ya wuce ta tare DC. In ta yi yoyo, EL84 zai ja wuta fiye da ƙima, ya yi ja, ya tafi da taransifomar sifika, wani lokaci har da babbar. Rediyon farko da na gyara ta kawuna ce. Ta yi magana garau, na bar ta tana yi, bayan rabin awa murya ta fara dishewa, kafin in ankara taransifomar sifika ta ƙone. 'Yar kafasitar nan ce sanadi, kuma na yi watanni kafin in samu madadin abin da ta ƙona. Har yau in na tuna fuskar tsohon ranar, ba na jin daɗi.

Ta biyu, babbar gwangwanin alminiyam mai tace wuta, galibi 50+50 µF mai bolt 350. Sa guda biyu masu 47 µF da bolt 450 a ƙasan shasi, ka bar gwangwanin a mazauninsa don kyan gani amma ka cire masa wayoyi gaba ɗaya. Kada ka jona sabuwa a kan tsohuwa. Yoyon tsohuwar na nan. Kada kuma ka ce bari in sa 220 µF don gurnani ya mutu sarai: EZ80, bawul ɗin da ke mayar da AC zuwa DC, ba ya ɗaukar fiye da 50 µF a kafasitar farko. Kula da ƙafar + da −, domin in ka juya ta fashewa take yi.

Ta uku, wadda ke kan wayar wutar gida. Wannan ba kowace ake sa mata ba: tsakanin wayoyin wuta biyu sai mai alamar X2, tsakanin wayar wuta da shasi sai mai alamar Y2.

Ta huɗu, wadda ke kan naɗin farko na taransifomar sifika ko daga anod na EL84 zuwa shasi. Tana shan bugun wuta mai tsanani, don haka ba ta mai bolt 1000 ko sama.

Sauran na takardar, maye su da na leda masu bolt 630. Lambobin da na yanzu sun ɗan bambanta, kuma ba komai: 0.05 ta koma 0.047, 0.02 ta koma 0.022, 32 ta koma 33. Ƙarfin bolt yana iya fin na asali, amma kada ya gaza. Ka yi hattara da jabu. Kafasitar da aka rubuta wa 450 amma ta yi ƙanƙanta da rashin nauyi fiye da 'yan'uwanta, bar ta a shagon.

Gargaɗi: ɗaya-ɗaya ake canzawa. Cire ɗaya, sa madadinta, duba hoto, sannan ta gaba. Bayan huɗun nan na dole, sauran ka bari sai rediyon ta fara magana, ka riƙa canza biyu kana kunnawa, don in ka yi kuskure ka san inda yake. Ƙananan kafasitocin maika da na tangaran da ke kewaye da koyil-koyil da maɓallan zango kuwa, kada ka taɓa su. Ba kasafai suke lalacewa ba, kuma da su aka saita tashoshi.

5. Kunnawar farko ta bayan ƙwai

Haɗa ƙwan wat 60 a jere da rediyon: wayar wuta mai rai ta shiga holdar ƙwai, ta fito ta tafi soket ɗin da za ka jona rediyo, ɗaya wayar ta wuce kai tsaye. In akwai shot a ciki, ƙwan ne zai haska ya shanye wutar. Ƙwan LED ko mai tsimin wuta ba ya wannan aikin ko kaɗan.

A rediyo mai taransifoma, fara da duk bawul a cire. Ƙwan ya kamata ya zauna a mace ko ya yi ɗan ja kaɗan. In ya haska sosai, taransifomar ko wayoyinta na da shot; tsaya nan. In lafiya, auna hita: bolt 6.3 na AC ko ɗan sama. Kashe, mayar da bawul duka ban da EZ80, kunna, ka ga kowanne ya yi ɗan jan garwashi a tsakiya. Kashe, sa EZ80. Yanzu ƙwan zai yi haske da farko, ya dushe, bayan daƙiƙa 15 zuwa 20 ya ɗan ƙaru sa'ad da bawul suka fara jan wuta, ya tsaya a dushe. In ya ci gaba da ƙaruwa har ya yi fes, kashe.

A mara taransifoma hitocin a jere suke kamar carbi, don haka sai duka suna ciki za su kama, kuma in ɗaya ya tsinke duka za su yi duhu. Kada ka zare bawul tana kunne.

Wasu rediyoyin Jamus ba su da EZ80. Wani ɗan faifan ƙarfe na siliniyam ne ke yin aikinsa, manne da shasi, mai lamba irin B250C75. A irinsu babbar wuta na zuwa nan take, ko da bawul a cire. In ya tsufa wutar na raguwa, in ya ƙone yana fitar da hayaƙi mai ɗoyi da guba. Buɗe taga ka fita. Ana maye shi da dayod 1N4007 guda huɗu, a ƙara rezista mai om 100 zuwa 200 da wat 5 a jere don wutar ta sauko daidai da zane.

Gargaɗi: kada ka kunna ba sifika a jone, taransifomarta na iya lalacewa. Kuma bayan kowace kashewa, zare filogi, maƙala rezistar nan mai kilo-om 22 tsakanin + na kafasitar tacewa da shasi, har mita ta nuna ƙasa da bolt 10, kafin hannunka ya shiga. Kafasita na riƙe wuta bayan an kashe. Kada ka sauke ta da bakin sukundireba.

6. Auna wutar ciki

In komai ya lafa da ƙwan 60, koma na 100, sannan wuta kai tsaye. Maƙala baƙar wayar mita a shasi tun kafin ka kunna. Hannu ɗaya ke aiki, ɗayan na aljihu. Takalmin roba a ƙafa, ba zobe ba agogo, ƙasa a bushe, kuma da mutum a kusa wanda ya san inda filogi yake. A ciki akwai bolt 250 zuwa 300, kuma suna kisa.

A kafasitar tacewa ta farko za ka ga wajen 250 zuwa 290, a ta biyu ƙasa da haka. Sai EL84: ƙafa ta 7 da ta 9 su kasance sama da 200, ƙafa ta 2 sifili, ƙafa ta 3 wajen bolt 6 zuwa 8. Wannan na ƙarshe shi ne madubin lafiyarsa. Raba shi da rezistar katod, wato wadda ke tsakanin ƙafa ta 3 da shasi, ka samu abin da bawul ke ja: bolt 7 a kan om 150 ya ba da wajen mili-amp 47, daidai ke nan. In ka ga 10 ko 12, yana ja da yawa. In ka ga bolt mai + a ƙafa ta 2 alhali ka canza kafasitar, kuma yana hawa yayin da bawul ke zafi, to bawul ɗin ne da kansa. In ƙafa ta 7 ba wuta amma ta 9 na da ita, naɗin taransifomar sifika ya tsinke. Kashe da sauri.

Bi sauran bawul ɗin kana gwadawa da zane. Bambancin kashi 10 zuwa 20 ba abin damuwa ba ne, kuma mitar dijital kan nuna sama da abin da aka rubuta a inda rezista ke da girma. Abin nema shi ne wurin da wuta ta ɓace gaba ɗaya ko ta faɗi rabi. A nan za ka tarar da rezistar da ta tsinke, ko kafasitar da ke zubar da wutar zuwa shasi.

7. Bi sauti da baya

Wuta daidai amma shiru? Raba rediyon gida biyu. A mai taransifoma wadda ka tabbatar shasinta ba wuta, ƙara murya, riƙe sukundireba ta roba ka taɓa bakinta a ƙafar tsakiya ta maɓallin murya. Gurnani mai ƙarfi na nufin daga nan zuwa sifika lafiya lau, cutar na gaba. Shiru na nufin tana tsakanin EABC80, EL84 da sifika.

In cutar na gaba, fara da abu mai araha. Fesa wa maɓallan zango feshin kontak kaɗan, danna kowanne sau 20 ko 30, bari ya bushe sarai kafin ka kunna, domin jiƙaƙƙen maɓalli na iya tartsatsi ya ƙone. Goge ƙafafun bawul, sa su ka cire sau da yawa a soket. Rediyoyi da dama a nan suke farfaɗowa.

In har yanzu sai shuu ba tasha, duba ko ECH81 na kaɗawa, wato yana haifar da siginar kansa da ake kama tasha da ita. A ƙafarsa ta 9 ya kamata a ga 'yan bolt masu alamar −. Wata dabarar: ajiye ƙaramar rediyo mai batir a gefe a kan matsakaicin zango wajen kilohaz 1400, ka murɗa tsohuwar a hankali kusa da 900 zuwa 950. In ka ji fito ko shiru ya ratsa ƙaramar, yana kaɗawa. Tazarar ta zo ne daga mitar tsakiya ta rediyon, wadda ke tsakanin kilohaz 450 da 470 a yawancinsu.

Gargaɗi: sukurorin da ke cikin gwangwanayen alminiyam masu kusurwa huɗu, da ƙananan da ke kan koyil, ba sako-sako suka yi ba. Saiti ne. Mai ɗaure su ya rusa rediyon, kuma garin murɗawa ƙullin cikin kan fashe. Ba a taɓa su sai da na'urar ba da sigina da takardar saiti.

8. Abin da kowace ƙara ke faɗa

Gurnani mai kauri wanda rage murya ba ya rage shi, kafasitar tacewa ce, ko ƙafarta ta − ba ta kama da kyau ba. Gurnanin da ke ƙaruwa da murya yana shigowa ne kafin maɓallin: waya mai sulke da ta rabu da shasi, ko EABC80 mai yoyo tsakanin hita da katod. Wanda kuma ba ya zuwa sai an kama tasha, nemi kafasitar kan wayar wutar gida. Fat-fat-fat kamar injin markaɗe, kafasitar tacewa ta biyu ko wata mai kwantar da wuta a hanyar anod ta bushe. Muryar da ke fara kyau ta dishe bayan minti 10, koma mataki na 6 ka auna ƙafa ta 2 da ta 3 na EL84. UL41 ya yi suna da wannan halin, amma jerin ƙafafunsa daban ne, duba zane. Tasha mai ƙarfi na fashewa amma mai rauni na fita garau, kafasitar layin daidaita ƙarfin sigina ce ke yoyo. Ƙarar-ƙarar a wuri ɗaya na allo duk sanda allura ta zo nan, farantan neman tasha na gogar juna ko akwai datti tsakaninsu. Mai ɗaukewa tana dawowa kuma, bi kayan da sandar roba ko busasshen tsinke kana ƙwanƙwasawa a hankali har ka samu inda dalma ta saki.

9. FM, eriya da hayaniyar gida

In sauran zango na yi FM ce kawai ta mutu, a nan kam bawul ake fara zargi: ECC85 kan gaji kafin 'yan'uwansa. Akwai kuma 'yar kafasita mai 2 zuwa 5 µF kusa da EABC80 wadda in ta bushe muryar FM ke fashewa. Lura da yadda aka jona ta, domin galibi ƙafarta ta + ce ke shasi, saɓanin sauran. Kuma yawancin rediyoyin Turai na wancan lokaci FM ɗinsu a 100 ko 104 ta tsaya. Tashar da ke sama da haka ba za ta shigo ba, ba cuta ba ce.

In za ka nemi bawul, sani cewa suna da wasu sunaye: EL84 shi ne 6BQ5, kuma na Rasha 6P14P na zama a mazauninsa, ECH81 shi ne 6AJ8, ECC85 6AQ8, EABC80 6AK8, EZ80 6V4. EL84 har yanzu ana ƙera sabo saboda amfilifayar masu jita, don haka shi ya fi sauƙin samu. Koren idon nan mai motsi, EM80 ko EM84, in ya dushe tsufa ne, bai shafi sauti ba.

Gajeren zango da matsakaici na son eriya: waya mai tsawon mita 5 zuwa 10 a ramin eriya, nesa da wayoyin NEPA, a cire ta in hadari ya taso. Gwada da dare a mita 49, 41 da 31. In ka ji zuu ko'ina a allo, kafin ka sake buɗe shasi kashe ƙwayayen LED, cajar waya da inbata. Ƙaramar rediyo mai batir za ta raba gardama: in ita ma tana jin hayaniyar, daga gidan take.

10. Kafin ka rufe

Bar ta ta yi awa ɗaya kana zaune kusa, sannan ka zare filogi ka taɓa babbar taransifoma. Ɗumi ba laifi. Zafin da hannu ba zai iya zama a kai ba, akwai sauran aiki. Sake auna ƙafa ta 3 ta EL84 tana da zafi, ka ga ba ta hau ba. Washegari ka ba ta awa uku.

Mayar da murfin baya da duk sukurorinsa, musamman a mara taransifoma, inda murfin da maɓallan roba su ne kaɗai tsakanin shasi da hannun yara; maɓallin da ya fashe har ƙarfensa ya fito, a canza shi kafin ta shiga falo. Kada a rufe ramukan iska da ƙyallen ado, kada a manna ta da bango. Ba ta wuta ta sitabilaiza, ka guje wa ƙaramin janareta mai hawa da sauka da inbata mai arha da ke sa taransifoma kuka. Ka riƙa kunna ta ko sau biyu a wata, musamman da damina, don zafi ya kori laima.

Tsofaffin kayan da ka cire, zuba su a leda ka ajiye. Sannan ka rubuta a 'yar takarda abin da ka canza, da bolt ɗin da ka auna a kafasitar tacewa da ƙafafun EL84, da kwanan wata, ka manna ta a cikin akwatin daga gefen da ba ya zafi.